Takalmi Ɗaya a Shagon Dalili

Sunan mijin yayata na gaskiya ya ɓace tuntuni. Duk layin nan Dalili ake ce masa, har masu kawo masa takarda da tawada haka suke kiransa. Ni kuwa, in faɗa muku tun da wuri, ban taɓa yarda da shi ba. Ba ɓarawo ba ne, ba ya shaye-shaye, bai taɓa ɗaga wa Yaya hannu ba, Allah ya jiƙanta. Bakinsa ne ya hana ni sakin jiki da shi. Mutum ne da in ka tambaye shi me ya sa ya makara, sai ya ba ka labarin da za ka ƙare kai kake ba shi haƙuri. Yaya takan yi dariya ta ce, "Ke dai ba kya son mijina." In ce mata, "Ina son sa mana. Yarda da shi ce ban yi ba."

Shagonsa yana kallon ƙofar makarantar likitoci. Injin fotokwafi ɗaya mai cin takarda, tsohuwar kwamfuta, benci, sai wata 'yar ƙurya da labule ya rufe. Nawa shagon a jikin nasa yake, katako ne kawai tsakaninmu. Ni tela ce. Fararen rigunan nan da ɗaliban likita ke sawa suna tafiya suna hura hanci, ni nake ɗinka yawancinsu.

Da can buga takardu kawai yake yi. To makarantar tana da tsarinta: ko ka ci jarrabawa kamar me, sai ka shiga gaban kwamiti an yi maka intabiyu kafin a ɗauke ka. Tambayar farko kuma ba ta canzawa: me ya sa kake son zama likita? Yara su fito su zube a bencinsa, wasu na kuka, wasu na zagi. Shi kuma ya miƙa musu ruwa ya fara tatsar su. Me ka ce? Wa ya yi hamma? Wa ya ajiye biro? A haka ya haddace kwamitin nan kaf, bai taɓa taka ɗakin ba. Ya fara gyara wa yara amsa don jin daɗin bakinsa, kafin a ankara abin ya zama sana'a, sunan kuma ya bi shi.

Ta cikin katako nake jin darasin.

"Kada ka ce kana son taimakon jama'a," zai ce. "Kowa yana son taimakon jama'a, har ɓarawon waya. Ka ba su mutum ɗaya, da abu ɗaya da za a iya riƙewa a hannu. Kakarka da tabaraunta da ya fashe. Ƙanenka da kwalbar maganinsa. In ka iso wurin mutuwar, kada ka yi kuka, kuka na 'yan koyo ne. Ka yi shiru. Ka dubi tebur. Ka haɗiye yawu, sannan ka ƙarasa."

Na taɓa leƙawa na ce, "Haba Yaya Dalili, kakar yaron nan da kake binnewa fa jiya na gan ta, ita ta kawo masa abinci."

"Ba wannan ba," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Kowa kakanni mata biyu gare shi."

Amma akwai abin da na lura da shi. Wasu yaran in sun zo, musamman masu zuwa a mota da iyayensu, ba a benci yake zaunar da su ba. Ƙurya yake shiga da su, ya saki labule, ya ƙure rediyo. Na tambaye shi, ya ce wai yaran masu kunya ne. Na ce to. Na dai ajiye abin a raina, don mutumin da ke kashe kakannin mutane a fili da rana tsaka, ban ga abin da ya rage masa na ɓoyewa ba.

'Ya ɗaya Yaya ta bar masa. Tun tana ƙarama muke ce mata Dakta, kuma ba wasa ne ya jawo sunan ba. Tana shekara bakwai, uwarta na da tsohon ciki, jini ya ɓalle mata da hantsi. Aka sa ta a bayan motar ɗaukar kayan wani maƙwabci, Dalili ya riƙe kanta, aka ɗora yarinyar don babu wanda za a bar wa ita. Ƙafar Yaya ta kumbura, takalmin ya matse ta. Ta cire ɗaya ta miƙa wa 'yar ta ce, "Riƙe min, kada ya faɗi. In mun dawo zan sa." Suka isa ƙaramin asibitin da ya fi kusa, aka ce musu likita ba ya nan. Kafin su kai babban asibiti, an gama. Ni a can na same su. Yarinyar na tsaye a baranda rungume da takalmi.

Takalmin nan yana cikin akwatinta har ta girma. In an tambaye ta me take son zama, amsarta ɗaya: "Ina so in zama likitan da in an zo, za a ce yana nan." Ba ta faɗar haka da kuka ko neman tausayi. Faɗa kawai take yi ta koma kan littafinta.

Ta ci jarrabawar shiga, ta ci da kyau. Saura intabiyu, kuma wanda ya faɗi a nan sai wata shekara, in ma an sake kiransa. Duk layin muka ce an gama, 'yar Dalili ce fa. Ni har na yanka mata riga a ɓoye, na zaɓi yadi mai kauri wanda ba na ba kowa.

A nan ne mutumin ya fara wasu 'yan kame-kame da suka tsaya mini a rai. Muna zaune a shagona da yamma, Dakta na taya ni sa maɓalli, sai ya shigo yana murza hannu.

"Dakta, na samo miki wani dalili mai kyau. Malaminku na firamare, maciji ya sare shi a filin makaranta..."

"Baba, ba mu taɓa yin malamin da maciji ya sara ba."

"Ai su ba su sani ba."

"Ni na sani. Ina da nawa, me zan yi da na aro?"

"Naki ya yi nauyi, 'yata. Za ki karye a gabansu."

"Ban taɓa karyewa ba."

Washegari ya zo da wani, na ƙawa mai ciwon asma. Bayan wannan ya ce ta bar labari gaba ɗaya, ta ce kawai tana son taimakon jama'a. Shi! Dalili! Allura ta kusa shiga yatsana. Na bi shi shagonsa na tsaya a kansa.

"Me kake ɓoyewa?"

"Ni? Me zan ɓoye, ƙanwata?"

"Kada ka ƙanwata ni. Ko so kake ta faɗi ta zauna tana danna maka inji? Ko akwai wani abu a mutuwar Yaya da ba ka so a tona? Ka yi jinkirin kai ta asibiti ne?"

Ya dafe ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. Ya rantse da duk abin rantsuwa cewa tausayin yarinyar kawai yake ji. Na dube shi ina tunanin ko wannan ma daga cikin darasin ne. Na zarge shi da abu iri-iri a kwanakin nan, wallahi har da neman sabon aure. Ainihin abin ne kaɗai bai zo mini a rai ba.

Ranar intabiyu Dakta ta yi wanka ta shirya, ta zo ta durƙusa na yi mata addu'a. Uban yana bakin shagonsa ya yi tsuru-tsuru kamar wanda aka kama da kayan mutane. Ta tsallaka titi, ta miƙa wayarta ga mai gadi kamar yadda ake yi, ta shige.

Na koma kan kekena. Can sai wata mata mai ƙiba da zoben zinare ta roƙi ta zauna a bencina ita da 'yarta, don rana, kafin a kira rukuninsu. Na ce bismillah. Yarinyar ta rufe ido ta fara bita a hankali, uwar na sauraro tana fifita da mayafi.

"Ina shekara bakwai aka sa mahaifiyata a bayan motar ɗaukar kaya. Ƙafarta ta kumbura. Ta cire takalmi ɗaya ta ba ni ta ce, ajiye min..."

"Ba ajiye min ba," in ji uwar. "Riƙe min. Riƙe min, kada ya faɗi. Sau nawa zan gaya miki?"

Ƙafata ta tsaya a kan keke.

"Ina so in zama likitan da in an zo, za a ce yana nan," yarinyar ta ƙarasa, ta dubi ƙasa, ta haɗiye yawu.

"Baiwar Allah," na ce, "wace ce ta mutu?"

Matar ta yi dariya. "Ni ce, wai. Allah ya kiyaye! Ai labarin takalmi ne, ba ki san shi ba? Yayanta da shi ya shiga, ɗan maƙwabcinmu ma haka. Wurin mutumin nan na kusa da ke aka samo shi tun asali. An ce duk wanda ya iya faɗinsa ya wuce."

Ban san lokacin da na isa shagonsa ba. Na ci kwalarsa a gaban mutane, takardun wani suka watse.

"Yayata ka sayar? Yayata?"

"Sau ɗaya ne," ya ce. "Wallahi sau ɗaya. Wani yaro ne, ya faɗi sau biyu, duk abin da na ƙirƙira masa ba ya zama a bakinsa. Na tausaya masa na ba shi. Ya wuce. Shi ya ba wasu, su ma suka ba wasu. Ya fi ƙarfina."

"Rediyon fa? Labulen fa? Don sau ɗaya kake ƙure rediyo duk shekara?"

Na sake shi na ruga ƙofar makaranta ko mayafi ban ɗauka ba. Mai gadi ya tare ni, ya ce ko uwar shugaban makaranta ce ba ta shiga. Na yi magiya, na yi masifa, ya juya mini ƙeya. Haka na tsaya riƙe da ƙarfen ƙofa har Dakta ta fito.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta karɓi wayarta, ta tsallako titi, ta zauna a bencina inda matar nan ta tashi. Uban ya matso ya tsaya nesa kaɗan. Da ni take magana, shi ko kallonsa ba ta yi ba.

"Su huɗu ne, Inna. Shugabarsu wata farfesa ce, dattijuwa. Ta tambaye ni, na fara. Ina isa wurin da ƙafar Mama ta kumbura sai na ga ɗaya ya dubi ɗaya. Na ce ta cire takalmi ta ba ni. Sai farfesar ta cire tabarau ta ce, 'Ta ce ki riƙe mata kada ya faɗi, in kun dawo za ta sa.' Na ce, ya aka yi kika sani? Suka yi dariya. Ta ce tun safe ni ce ta uku da uwarta ta bar wa takalmi."

"Sai kika ce me?"

"Na ce nawa gaskiya ne. Ta ce kowa haka yake cewa. Ta ce sun san shagon da ake sayowa, yana nan tsallaken titi. Na ce ai shagon babana ne." Ta yi wani ɗan murmushi da ban so ba. "Sai ta ce, to ke kyauta kika samu ke nan. Ta rubuta wani abu. Sauran tambayoyin ban ma san me na ce ba."

Sannan ta juya ta dubi ubanta.

"Baba, mutum nawa ka ba Mamata?"

Mutumin da ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba, ranar ya tsaya baki buɗe. Ta tafi gida, ta dawo da takalmin a leda, ta ajiye masa a kan injin fotokwafi. "Ga shi," ta ce. "Ka haɗa musu da shi." Daga ranar a gidana take kwana.

Da safe Dalili ya zo ya ce in raka shi wurin farfesar in yi shaida. Na so in ƙi, amma ba don shi zan je ba. Muka yi zaman jira a baranda har ƙafata ta yi tsami, sannan aka shigar da mu. Ofis ne ƙarami cike da littattafai, da fanka mai ƙara. Ya durƙusa, ya fito da takalmin ya ɗora a tebur, ya faɗi komai. Bai yi ado ba, bai gyara ba. Ban taɓa jin ya ba da labari maras daɗi irin na ranar ba.

Farfesa ta saurare shi har ƙarshe. Ba muguwa ba ce, gajiya kawai na gani a fuskarta.

"Malam, ashe kai ne," ta ce. "Bari in gaya maka. Ranar da na fara jin labarin nan daga bakin wani yaro, sai da na fita na wanke fuskata. Na yi faɗa da abokan aikina a kansa har aka ɗauke shi. Ranar da aka tara sababbin ɗalibai da iyayensu, ya kawo mini mahaifiyarsa ta gaishe ni. Da takalmanta biyu." Ta dubi wanda ke kan tebur, ba ta taɓa shi ba. "Abu ɗaya da za a iya riƙewa a hannu. Ko ba haka kake koya musu ba? Ɗalibaina sun gaya mini."

"Ranki ya daɗe, wannan na gaske ne."

"Yana iya zama. A kasuwar gwanjo ma akwai irinsa buhu-buhu." Ta juyo gare ni. "Ke ƙanwar marigayiyar ce? Kina cikin motar?"

"A'a, a asibiti na same su."

"To wa ya gaya miki abin da ta ce?"

Na buɗe baki. Na nuna shi da hannu, sai hannun ya yi mini nauyi.

"Kin gani," ta ce. "An riga an haɗa maki, ba ni kaɗai ke yankewa ba. Yarinyar ta sake nema baɗi. Ta zo da bakinta."

Da aka liƙa sunaye, babu na Dakta. 'Yar mai zoben zinare ma ba ta samu ba, in wannan zai sanyaya wa wani rai, ni dai bai sanyaya mini ba. Rigar da na yanka tana cikin durowa, ban haɗa hannuwanta ba. Mutanen layi suka rasa yadda za su kira yarinyar, sai "ke" da "'yar nan", don sunan ya zama kamar zagi.

Dalili ya cire labulen, ya kai rediyon gida. Yara na zuwa neman dalili, ya ce musu fotokwafi kawai ake yi a nan. Ya rame, wandonsa har naɗe shi yake a ƙugu. Kullum da safe yana ajiye wa 'yarsa biredi da madara a bakin shagona, ita kuma ta ba yaran maƙwabta. Wasu na cewa ya tuba. Ni na ce mu dai gani, in lokacin intabiyu ya zagayo.

Kwanan baya muna zaune da rana, Dakta na yi mini guga. Ta ɗauko littattafanta ta sake fara karatu, amma na lura takan tsaya ta ƙura wa bango ido. Ta ajiye dutsen guga.

"Inna, in tambaye ki. Ki gaya mini tsakaninki da Allah."

"Ina jin ki."

"Ina tuna motar. Ina tuna zafin ƙarfen a cinyata. Amma maganar, in na tuna ta, da muryar Baba nake jin ta. Shi yake ba ni labarin tun ina ƙarama, in na kasa barci. Har wannan ta likitan da za a ce yana nan, ban sani ba ko ni na fara faɗa ko shi ya sa mini a baki. Mama ta faɗa kuwa? Ko ni ce ya fara gwada labarin a kaina?"

Kai, da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na so in ce ta faɗa mana, in rufe maganar. Amma yarinyar nan an yi mata gyaran labari ya ishe ta.

"Abin da na gani da idona zan gaya miki," na ce. "Ni na cire mata kaya a asibiti. Takalmi ɗaya na samu a ƙafarta, na hagu. Na dama yana hannunki, mun yi mun yi kin ƙi saki. Wannan ko gaban waye zan rantse."

"Maganar fa?"

"Maganar mutum biyu ne suka ji. Ke da shi."

Sai a lokacin na lura injin fotokwafi ya daina ƙara. Katako ne kawai tsakaninmu, ni na fi kowa sani. Muryarsa ta ratso ta tsakanin katakon, ƙasa-ƙasa.

"Ta faɗa, 'yata. Ina riƙe da kanta. Ta ce, riƙe min, kada ya faɗi."

Ya yi shiru. Muka ji ya haɗiye yawu.

"In mun dawo zan sa," ya ƙarasa. "Wallahi ta faɗa."

Dakta ba ta dubi katakon ba, ni ta duba, tana neman ta ga ko na yarda. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Wataƙila a duk rayuwarsa bai taɓa faɗin gaskiya irin wannan ba. Amma na ji inda ya yi shiru, na ji inda ya haɗiye yawu, daidai wurin da yake koya wa yara. Ita ma ta ji.

Ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba da goge rigar wani.